Ramin ƙasa, siminti ko tampol: wane tafki da wane abinci ne za su fitar da kifinka daga bazara?

Mai niyyar kiwon kifi a karkarar Kano ko Jigawa yakan fara da lissafin kuɗi: nawa ne buhun siminti, nawa ne tampol, nawa maginan rami za su karɓa. Akwai tambayar da ta kamata ta riga waɗannan. Digiri nawa ruwan zai kai da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, kuma digiri nawa zai sauka da asubahin Janairu? Amsar wannan ce za ta nuna irin tafkin da ya dace da wurinka, da irin kifin da za ka zuba, da lokacin da za ka ɗebo abinci ka watsa.

Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar ɗan Adam ko akuya. Zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Idan ruwa ya ƙaru da digiri 10, aikin cikin jikinsa yakan kusan ninkawa, buƙatarsa ta iskar oksijin ma haka. A daidai wannan lokacin kuma ruwan yana rage iskar da yake iya riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 ta koma 7.5, a digiri 35 kuwa wajen 7. Wannan ma a gaɓar teku ke nan. A tudun ƙasar Kano abin ya ɗan yi ƙasa da haka. Buƙata na hawa, abin biyan buƙata na sauka.

Sai kuma abinci ya shigo. Narkar da abinci aiki ne mai cin iska. Bayan kifi ya ƙoshi, iskar da yake ja takan ƙaru sosai, ta kai ƙololuwa bayan 'yan sa'o'i, sannan ta sauko a hankali. Duk wanda ya taɓa cin tuwo ya ƙoshi da tsakar rana a bazara ya san nauyin da ke biyo baya. Saboda haka kifin da aka cika wa ciki da ƙarfe goma sha biyu, nauyin narkarwarsa zai faɗo ne daidai ƙarfe uku zuwa huɗu, lokacin da ruwa ya fi zafi. Yawancin mutuwar da ake ɗora wa rana a tafkunan wannan yanki, rana ba ita kaɗai ta yi ba. Tarwada da karfasa duka suna iya jure ruwa mai digiri 35 na ɗan lokaci idan cikinsu wayam ne kuma ruwan na da tsabta. Da cikakken ciki, a ruwan da ya gurɓace, a cunkushe, shi ne ba sa iyawa.

Tafkuna uku a ranar zafi

Afrilu ne watan da ya fi zafi a Kano, inda zafin iska da rana yakan kai 38 zuwa 40, a wajen Haɗeja da Gumel ma yakan wuce haka. A hunturu kuwa dare yakan sauko ƙasa da 15. Ruwa ba ya bin iska nan take, kuma yawan jinkirinsa ya dogara da zurfinsa, da yawansa, da abin da ya kewaye shi.

Ramin ƙasa ya fi kowane tafki riƙe zafi a wuri guda. Ƙasar da ke kewaye da shi tana kare shi ta gefe da ta ƙasa, rana ta sama kawai take samunsa. Idan zurfin ruwan ya kai mita 1.2 zuwa 1.5, saman zai yi ɗumi da rana amma ƙasan yana nan da sanyinsa, kifi kuma ya san ya nutsa ya fake. Bango da ƙasan ramin suna ɗauke da ƙwayoyin halitta masu cinye amoniya, wato dattin da ke fitowa daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Koren ruwan kuma, wato ƙananan tsirrai da ke sa ruwa ya yi kore, yana samar da iska muddin akwai hasken rana. Ramin da ruwansa bai wuce gwiwa ba ya rasa duk wannan fa'ida, kasko ne kawai. Kuma a rani ruwa na tsotsewa, tururi kaɗai yana iya cin kusan santimita ɗaya a rana, ban da wanda ƙasa ke sha. Ramin da aka cika mita ɗaya a Fabrairu, idan ba a ƙara masa ba, a Afrilu ya zama wani abu dabam.

Amma ba kowace ƙasa ke ba da rami ba. Fadamun Haɗeja, Auyo, Ringim da Kirikasamma, da filayen noman rani na Kura, Kadawa da Bunkure da ke shan ruwan madatsar Tiga, akwai laka mai riƙe ruwa a wurare da yawa. Jigayin yashi na wajen Maigatari, Ɓaɓura da Sule Tankarkar kuwa, ka zuba ruwa da safe ka neme shi da yamma. Gwajin ba wuya: haƙa rami zurfin ƙugu, ɗebo ƙasar can ƙasa, jiƙa ta, dunƙula, jefa sama ka cafe. In ta tsaya a dunƙule akwai laka, in ta watse ka nemi wata dabara. Mai fadama kuma ya tuna da ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa, ya ɗaga gaɓar raminsa, ya kewaye da raga. Wanda ke jan ruwa daga magudanar gonakin shinkafa ko tumatir, ya tabbata ba a yi feshin maganin ƙwari a sama da shi ba.

Ramin ƙasa yana da nasa haɗari guda biyu, kuma duka a lokacin zafi suke zuwa. Na farko asuba. Koren da ke ba da iska da rana shi ne ke shanye ta da dare, tare da kifin da ruɓaɓɓen abin da ke ƙasa. Iska ta fi ƙaranci gab da fitowar rana. In ka zo bayan sallar asuba ka ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, iska ta ƙare musu. Gwada kaurin koren da hannu: tsoma hannu har gwiwar hannu, idan tafinka ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar, koren ya yi yawa, a daina zuba takin da ke haɓaka shi, a ƙara sabon ruwa. Na biyu ruwan sama na farko. Duk tsawon bazara ruwan rami mai zurfi yakan kasu biyu, sama mai ɗumi da iska, ƙasa mai sanyi marar iska, cike da ruɓa. Ranar da hadari ya taso da guguwa a Mayu ko Yuni, ruwan sama mai sanyi ya faɗa, sai ramin ya juye, na ƙasa ya haɗe da na sama, iskar ta faɗi gaba ɗaya cikin sa'o'i. Idan hadari ya haɗu da yamma, a hana abincin wannan yammar, a ajiye injin ban ruwa kusa. Jan ruwan ramin da injin a watsa shi sama ya faɗo kamar ruwan sama yana ceton kifi.

Tafkin siminti tsaka-tsaki ne. Bulon da aka cika da kankare yana shan zafi a hankali, yana kuma sakinsa a hankali, don haka bangon da ya sha ranar yamma zai ci gaba da ɗumama ruwa har bayan isha. Wanda aka nutsar da rabinsa cikin ƙasa ya fi wanda aka ɗora a sarari. Amfaninsa babba shi ne iko: ka buɗe bututu ka zubar, ka buɗe famfo ka cika. Rauninsa kuma shi ne ba ya gyara ruwansa da kansa ko kaɗan. Duk abin da ka zuba yana nan sai ka fitar da shi.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai siminti ya yi sau ɗaya. Tafki mai tsawon mita 4, faɗi mita 3, ruwa mita 1, lita 12,000 ke nan. A ce akwai tarwada 600 masu rabin kilo, jimla kilo 300. Idan ana ba su kashi 2 cikin 100 na nauyinsu, abincin rana kilo 6 ne. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne kowane kilo na abinci yana jawo cin iska kusan giram 250, wato kilo ɗaya da rabi a rana. Iskar da ke cikin lita 12,000 a digiri 30, ko da ruwan ya cika da ita maƙil, ba ta kai giram 100 ba. Tarwada na rayuwa a nan ne kawai domin tana hawowa ta shaƙi iskar sarari. Kowane kilo na abinci kuma yana barin wajen giram 30 na amoniya, kilo 6 ya ba da giram 180, wato miligiram 15 a kowace lita idan aka kwana aka wuni ba a canza ruwa ba.

Amoniya iri biyu ce a ruwa, mai guba da marar guba sosai, kuma zafi da ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwar ruwa, su ke raba su. A digiri 30, idan pH na 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan pH ya hau 8 ta zama kashi 7 da rabi. A 9 ta kusan rabi. Ma'ana wancan miligiram 15 ɗin, a pH 7 gubarsa wajen 0.12 ce, tarwada za ta ɗauka. A pH 8 ta wuce 1, alhali ana son kada ta haura kusan 0.3. Sabon siminti yana sakin ƙarfinsa cikin ruwa ya ɗaga pH, shi ya sa ake jiƙa sabon tafki mako ɗaya zuwa biyu ana zubarwa ana wankewa kafin a sa kifi. Wanda ya gama gini a Maris ya zuba kifi washegari ya haɗa abu uku a kansu lokaci guda: zafi, amoniya da hawan pH.

Tampol shi ne mafi arha a farawa, ana iya naɗe shi a ƙaura da shi, kuma a ƙasar yashi ko gidan haya sau da yawa shi kaɗai ne mafita. Amma a batun zafi shi ne na baya. Fatar sirara ce, rana na dukansa ta sama da ta kowane gefe, kuma galibi ba a cika shi fiye da santimita 70 ko 80 don gudun katako ko ƙarfen ya buɗe. Ruwa kaɗan, bango marar kauri: da la'asar ya yi zafi, da asuba ya yi sanyi. Wannan hawa da saukar ta kullum ta fi gajiyar da kifi fiye da zafi mai tsayawa wuri guda. A sarari ba rumfa, samun digiri 34 ko 35 a tampol da yammacin Afrilu ba abin mamaki ba ne. Haka tankin roba, baƙi ya fi muni.

Tampol na gyaruwa, kuma gyaran ba tsada. A yi masa rumfar zana ko ta karan dawa mai tsayin da mutum zai shiga a tsaye, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa. Rufin kwano da aka sauko da shi kusa da ruwa gasa shi yake yi, sai in an ɗaga shi sosai an shimfiɗa zana a ƙarƙashi. A jingina zana ko buhunan yashi a bangon yamma. Inda ƙasa ta yarda, a haƙa rami a shimfiɗa tampol ɗin a ciki. Wannan ya ba shi rabin amfanin ramin ƙasa ko a jigawa. Inuwar darbejiya ko mangwaro tana da kyau, amma a ɗaura raga ta tare ganye, domin ganyen da ya ruɓe a ruwa iska yake ci.

Wani abu da ke kashe kifi a siminti da tampol baki ɗaya shi ne ruwan canji. Ruwan rijiyar burtsatse yana fitowa da ɗumi madaidaici duk shekara, amma iskarsa kaɗan ce. Idan ya wuni a baƙin tanki a saman hasumiya, ko a doguwar tiyo da ke kwance a rana, ya zama ruwan wanka. A taɓa da hannu tukuna, a bar na farko ya zube waje, a sa ruwan ya faɗo daga sama ta kan kwando ko bututu mai huji ya tarwatse ya ɗauki iska. Canji a bazara da sassafe ya fi, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, kuma kafin a ba da abinci. Zubar da ruwa duka da tsakar rana a maye da mai sanyi kuskure ne, ko da niyyar taimako ce: bambancin da ya wuce digiri 2 zuwa 3 a lokaci guda yana girgiza kifi, ƙanana su fi jin jiki.

Tarwada ko karfasa

Su biyun kifin ƙasar zafi ne, kuma inda suka fi girma kusan ɗaya ne, tsakanin digiri 27 da 30. Karfasa tana jure ruwa mai zafi ƙwarai, sai ya doshi 42 yake kashe ta kai tsaye. Sai dai da gaɓar numfashin cikin ruwa da ke gefen kanta kawai take numfashi, abin da ruwa ya ba ta shi ke nan. Tarwada tana da ƙarin wata gaɓa mai rassa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita. Don haka a siminti ko tampol da babu injin hura iska mai aiki dare da rana, zaɓi ɗaya ne, tarwada. Wanda zai sa karfasa a irin wannan wuri sai ya tanadi sola da batir, kuma ya san dare ɗaya na lalacewar inji ya isa ya kwashe masa duka.

Kada wannan ya sa a ɗauka tarwada ba ta jin komai. Hawa da saukar shaƙar iska ƙarfi yake ci, ƙarfin da ya kamata ya zama nama. In ka ga tarwada sun tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin baki a waje, sun daɗe a haka, ruwa ba ya tsami banza. 'Ya'yan da ba su wuce makonni biyu zuwa uku ba ma gaɓar tasu ba ta gama fitowa ba, iskar ruwa suke dogaro da ita kamar kowane kifi.

A ramin ƙasa mai faɗi kuwa karfasa tana da wata fa'ida da ba a cika lissafawa ba. Tana cin koren ruwa. Idan zafi ya tilasta a rage abincin buhu, ba za ta zauna da yunwa ba. Tarwada in an rage mata da yawa, ƙanwarta za ta ci, musamman idan ba a tace su an ware manya da ƙanana ba. Matsalar karfasa ita ce haihuwa ba ƙaƙƙautawa a ruwa mai ɗumi, ramin ya cika da ƙanana masu cin iska da abinci. Maganin shi ne a sayi zallar maza daga wurin da aka amince da shi. Yawan zubi ya tsaya 2 zuwa 4 a kowace murabba'in mita idan babu injin iska. A lissafa da kasuwa ma: tarwada tana isa kasuwa da ranta a cikin baho, wadda ta rage a yi banda da ita, karfasa kuwa tana fita ruwa ta mutu, a bazara sai da ƙanƙara ko mai saye a tsaye.

Cuta ma tana bin zafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar da ke sa gyambo da jan ciki da ruɓewar gashin baki a tarwada suna nan a ruwa kullum, zafi ne ke hanzarta yaɗuwarsu, gajiya kuma ta buɗe musu ƙofa. A karfasa, idan ruwa ya wuce 30 akan ga cutar da ke sa ido ya kumbura, kifi ya riƙa juyawa a ruwa. Matakin farko a duka biyun shi ne a tsayar da abinci, a gyara ruwa, a kwashe matattu. Gishiri kilo 1 zuwa 2 a kowace lita 1,000 yana sauƙaƙa wa kifi. Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan da bai gyaru ba ɓarnar kuɗi ce, a nemi likitan dabbobi ko malamin gona kafin a kai ga nan.

Abincin da ya dace da zafi

Kifin da ya fi jure zafi shi ne wanda ya ci da kyau a makonnin baya, amma cikinsa babu komai a sa'ar da zafin ya kai ƙarshe. Abu biyu ne, kuma akan rikita su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: jikin kifi yana ƙera wasu sinadarai masu kare ƙwayoyinsa daga lalacewar zafi, wannan kuma yana buƙatar ƙarfi da furotin da bitamin. Kifin da aka yi wa rowa tun hunturu, ya shigo bazara a rame, shi ke fara faɗuwa. Hana abinci na wuni ɗaya ko biyu kuwa ba ya cutar da babban kifi, sauke masa kaya yake yi.

Sabo ma yana da tasiri. Kifin da ya tashi a ruwa mai digiri 30 yana ɗaukar ranar 35 fiye da wanda ya saba da 24, amma sabon yana ɗaukar kwanaki zuwa makonni. Shi ya sa ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da hunturu ke janyewa zafi ya faɗo da sauri, yake da haɗari fiye da yadda ake zato: kifin ya buɗe baki yana neman abinci, mai shi ya ji daɗi ya ƙara mudu, jikin kuma bai gama sabawa ba. A ƙara a hankali cikin mako biyu. Haka 'ya'yan kifin da aka sayo daga ɗakin ƙyanƙyasa mai inuwa: a hana su abinci wuni guda kafin tafiya, a ɗauko su da asuba ko da dare, a ɗora jarkar a kan ruwan tafki minti 20 zuwa 30, a riƙa ɗiban ruwan tafkin ana zubawa a ciki kaɗan-kaɗan kafin a sake su.

Ma'aunin zafi na ruwa ba shi da tsada, kuma shi ya kamata ya riƙa yanke hukunci. A auna sau biyu, da ƙarfe shida na safe da ƙarfe uku na rana, a zurfin kamu ɗaya, a rubuta. Ƙa'idar aiki mai sauƙi ita ce: daga 26 zuwa 30 a ba da cikakken rabo, wato kashi 5 cikin 100 na nauyi ko fiye ga masu tsawon yatsa, 3 zuwa 4 ga matasa, 2 ko ƙasa ga waɗanda suka doshi kasuwa. A 31 zuwa 32 a cire kashi ɗaya cikin huɗu. A 33 zuwa 34 a ba da rabi. Ranar da ya taɓa 35, a bar su haka nan. Ƙananan 'ya'ya ba sa jure yunwa kamar manya, su a rage yawa ne a rarraba, a kuma tabbata suna cikin inuwa.

Sa'ar ciyarwa ta bambanta da irin tafki, a nan ne kwaikwayon maƙwabci ke jawo asara. Tarwada a siminti ko tampol, babban rabo da ƙarfe shida zuwa bakwai na safe, lokacin da ruwa ya fi sanyi, bayan an canza shi. Ƙaramin rabo bayan isha, tun da dama kifin dare ce. Tsakanin sha ɗaya na safe da biyar na yamma babu abinci. Karfasa a koren rami kuwa, ciyar da ita da asuba kuskure ne, domin a lokacin iska ta fi ƙaranci. A jira rana ta hau, ƙarfe takwas zuwa tara. Na yamma ya zama ƙarami, kuma kada ya kai magariba, don kada narkarwa ta haɗu da faɗuwar iskar dare. A hunturu tsarin juyewa yake: ƙasa da digiri 22 ci yana raguwa, ƙasa da 20 ya faɗi sosai, sai a koma ciyarwa da hantsi zuwa azahar, a rufe tampol da leda da dare.

Tsakanin abinci mai tasowa saman ruwa da mai nutsewa, a watannin zafi mai tasowa ya cancanci tsadarsa. Dalilin ba wai ya fi gina jiki a kowane hali ba ne, a'a, yana nuna maka bakin kifin. Ka watsa kaɗan, ka tsaya ka duba. In sun yi rububi ka ƙara, in sun yi sanyi ka tsaya, abin da ya rage bayan minti 10 zuwa 15 ka kwashe da raga. Mai nutsewa, ko na kamfani ko haɗin gida na garin kifi da gasasshen waken suya da masara da dusa, yana sauka inda ido ba ya gani, kuma a digiri 32 abin da ba a ci ba yana ruɓewa cikin sa'o'i. A ramin ƙasa ana iya ci gaba da shi idan an sa shi a faranti ko tankaɗe da aka ɗaure da igiya, a ɗago a duba. A tampol, daga Maris zuwa saukar damina, a daina amfani da shi. Kayan cikin kaji da jini da mushe, waɗanda wasu ke rage tsada da su, a wannan lokaci guba ne ga ruwa.

Furotin ma ba a wuce buƙata da shi. Ƙananan tarwada na son kashi 42 zuwa 45, manya 35 zuwa 40, karfasa mai girma 28 zuwa 32. Wanda ya wuce abin da jiki zai gina nama da shi, amoniya yake komawa. Girman ƙwaya ya dace da baki, daga milimita 2 zuwa 3, 4, 6. Ƙanana masu haɗama da aka cika wa ciki a ruwa mai zafi sukan kumbura, hanji ya fashe. Ajiya kuma: buhu mai kilo 15 da aka jingina a ɗakin kwano, mai da ke cikinsa yana ɓaci, bitamin C yana lalacewa, rashinsa kuwa shi ke kawo tsagewar ƙashin kai a tarwada. A ɗora buhu a kan katako a ɗaki mai iska, a sayi na wata guda kawai. Ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna kada ta shiga haɗi, tana lalata hanta, kifi mai ciwon hanta kuma ba ya ɗaukar zafi.

Wa ya dace da wane

Mai fili a fadama ko kusa da magudanar noman rani, da laka, da ruwan ƙari a rani, ramin ƙasa mai zurfin mita ɗaya da rabi ya fi masa, kuma shi kaɗai ne ke da damar zaɓar karfasa ba tare da wuta ba. Mai rijiyar burtsatse da sola a gida, wanda zai daɗe a sana'ar, ya gina siminti, ya nutsar da rabinsa, ya yi rumfa, ya zuba tarwada. Idan kifin zai ratsa Afrilu yana babba, 40 zuwa 50 a kowace lita 1,000 sun isa, ko da an ce masa wasu na zuba 100. Mai ƙaramin jari ko mai ƙasar yashi ya ɗauki tampol, amma ya lissafa rumfa da ma'aunin zafi da abinci mai tasowa a cikin kuɗin farawa, domin in babu su arhar ta tashi a banza. Wanda ruwansa na saye ne daga 'yan garuwa, kada ya yi kiwon da zai ratsa bazara ko kaɗan.

Watan zubi yana iya sauƙaƙa duk wannan. Tarwada na kai girman kasuwa cikin wata huɗu zuwa shida. Zubin Yuni ko Yuli yana samun ruwa mai daidaiton ɗumi har Oktoba, a kwashe kafin sanyi ya kankama. Ga mai tampol da sabon shiga wannan ne zagaye mafi aminci. Zubin Nuwamba ko Disamba shi ne mafi wahala: ƙanana su sha hunturu ba girma, sannan nauyinsu da cinsu su kai ƙarshe daidai Afrilu da Mayu. Wanda ya riga ya shiga wannan zagayen, ya rage cunkoso tun farkon Maris, ya sayar da manyan ko ya raba su tafki biyu, ya yi aikin tacewar da asuba, bayan ya hana su abinci wuni guda.